Ido, Hannu da Gefen da Ya Ɓace

Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nufi gabas. Wajen 1906 suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, garin kuwa ya ɗauki sunansa. Da Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, sai ƙasar Jazira ta zama gonar auduga, Hausawa da yawa kuma suka shiga aikin tsinka.

Wanda ya taɓa tsayawa ya dubi gwanin tsinkar auduga ya ga abin mamaki, ko da bai sani ba. Hannunsa yana kan wannan, idonsa ya riga ya tafi kan na gaba. Yatsu suna buɗewa daidai girman abin da za su kama tun ba su isa ba, su kauce wa tsinin kwanso. Yana kuma riƙe da wuraren uku ko huɗu da ya hango a ƙarƙashin ganye, har ya koma kansu ba tare da ya sāke nema ba. Watau ayyuka uku ke nan a lokaci guda: zaɓen wurin da hankali zai sauka, riƙe wurin na ɗan lokaci, da shirya motsi.

Masana sun daɗe suna binciken wannan. A 1965 waɗansu likitoci biyu a Jamus, Kornhuber da Deecke, suka auna ƙwaƙwalwa, suka tarar takan fara shiri kamar daƙiƙa guda kafin yatsa ya motsa. A 1987 Rizzolatti da abokan aikinsa a Italiya suka ce kai hankali wuri da shirin juya ido can kusan aiki ɗaya ne. Ba dukan masana suka yarda da shi har ƙarshe ba, amma mai tsinka zai gane maganar. Abin da mutum ke iya riƙewa a take kuwa kaɗan ne. Nelson Cowan a 2001 ya ce kamar abu huɗu. Shi ya sa in an kira mai aiki daga bakin gona, yakan juyo ya rasa inda ya tsaya. Mahalicci ya yi ma'ajin nan ƙarami, ya kuwa isa aikin yini.

To, ga inda maganar ta shafi gida. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, can sama ta baya, shi ne ya fi ɗaukar nauyin lura da sarari. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a wurin, yawanci saboda hawan jini, mutum yana iya tashi gefen hagu na duniya ya ɓace masa. Idonsa lafiya lau. Amma a ajiye masa kwanon tuwo, sai ya ci na dama ya bar na hagu, ya ce bai ƙoshi ba. Ya aske rabin gemu. Ya bugi dogaran ƙofa da kafaɗar hagu kullum. Matarsa ta yi magana ta hagunsa, ya amsa yana duban dama. Mafi tsanani, shi bai san akwai abin da ya rasa ba.

A 1978 Bisiach da Luzzatti a birnin Milan suka roƙi marasa lafiya biyu su tuna da dandalin babbar majami'ar garin, su faɗi gine-ginen da ke wurin. Na dama kaɗai suka lissafa. Aka ce su ɗauka suna tsaye a ɗaya ƙarshen, sai suka kawo waɗanda suka tsallake ɗazu, suka bar na fari. Ashe garin duka yana nan a kansu, hankali ne ya ƙi juyawa hagu.

A ƙauye, ko a Mai Wurno ko a ƙasar Katsina, irin wannan tsoho yakan sha zargi. Wani ya ce taurin kai ne, wani ya ce iskoki, wani ya ce ruɗin tsufa. Zargin nan zalunci ne, gama ba da gangan yake yi ba, faɗa kuwa ba ya komo da abin da ya ɓace. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya ƙara nauyin abin. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, soja suka karɓe ta a Janairu 2025, a tsakani kuwa asibitoci sun rufe, masu hawan jini da yawa maganinsu ya yanke.

Akwai abin da iyali za su iya. Ranar da baki ya karkace ko hannu ya mutu farat ɗaya, a nemi likita nan take, kada a jira gari ya waye. Bayan haka, in ya ci rabin kwano a juya masa shi. A ɗaura jan ƙyalle a gefen hagu na tabarma, a koya masa ya riƙa juya kai har sai ya gan shi. Da yawa sukan sami sauƙi cikin makonni ko watanni. Kafin nan, kada a bar shi ya tsallaka hanyar mota shi kaɗai, ko ya bi gefen magudanar ruwan gona alhali ruwan yana hagunsa. Jika ɗaya ya isa, ya yi tafiya ta wannan gefen.