Muryar da Ba Ta Son a Matse Ta

Mu masu sana'ar ɗaukar sauti a nan Obalende mun saba da biki da walima da wa'azi. To amma ga MUSON nan a Onikan, tafiyar ƙafa ce, inda ake koyar da kiɗa da waƙa irin na Turawa, har da opera. Ɗaliban kan nemi mai ɗaukar musu murya don su nemi gurbin karatu a Turai. Abin da ka ɗauka shi alƙalan can za su fara ji. In ya lalace, damar yaro ta tafi.

Shi mawaƙin opera an horar da shi ya cika babban zaure ba lasifika. Makirfon mai wa'azi, wanda ake kangawa a baki, ba nasa ba ne. Yana ɗaga murya sautin zai fashe.

Ni dai 'yar rikoda Zoom H1n ta ishe ni, mai makirfo biyu a ka. Nakan kafa ta kamar taku uku daga mai waƙa, in kashe abin da ke daidaita ƙara da kansa. Sai in ce ya rera wurin da ya fi ƙarfi, in rage har ma'auni ya tsaya wajen -12. Da WAV nake ɗauka, ban da MP3.

Saboda haka ɗan'uwa, in ka kwashi adashe ka nufi kasuwar Alaba, kada ka ƙarar da shi a kan na'ura. Rage na hayar ɗaki mai faɗi, nesa da janareta da hon ɗin danfo.