Ranar da na ce wa Kawu ɗan fasa-ƙwauri

A watan Agustan 2019, da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ina cikin waɗanda suka yi murna. Malamin makaranta ne ni a Gumel, kuma a gidanmu an raine mu a kan cewa talaka ba shi da gata sai gwamnati, ɗan kasuwa kuwa in ba a sa masa linzami ba sai ya cinye mu. Hujjar ma tana da daɗin ji: a toshe shinkafar waje, manomin Haɗeja da na Auyo su samu kasuwa.

Kawuna dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari tun ban san dama da hagu ba. Wani dare a ƙofar gida ya ce mini, "Ɗan nan, kasuwa ruwa ce. In ka tare ta nan, can za ta ɓulle, kuma gidan mai ƙaramin ƙarfi za ta fara ci." Na amsa masa a gaban jama'a: "Kawu, ai duk masu wannan kuka 'yan fasa-ƙwauri ne." Bai ce uffan ba. Ya ɗauki butarsa ya shige gida.

A watan Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Maigatari kuwa a bakin iyakar take. Gidajen mai suka rufe, 'yan bumburutu suka cika bakin titi da jarkoki, kuɗin mota ya tashi. Wata Alhamis, ranar kasuwa, na je da kaina. Karar da na saba gani maƙil da shanu da raƙuma da ragunan ƙasar Damagaram, da manyan motoci suna lodi zuwa kudu, na tarar da ita tamkar an yi shara. Wata tsohuwa mai fura tana zaune har bayan la'asar, ƙwaryarta ko rabi ba ta yi ba, tana korar ƙuda da faifai. Samarin Sule Tankarkar da Gagarawa da ke zuwa dako da lodi suna kwance a inuwar mota. Kawu na zaune a kan buzunsa, igiya a hannu, babu abin ɗaurewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shinkafar wajen ba ta ɓace daga shaguna ba. Tsada kawai ta ƙara. Mai babura goma da abin miƙawa a hanya yana ratso daji da dare, mai akuya biyu da buhun gero shi ne ya rasa hanya. Dokar da na yi wa tafi ta bar babban ɗan fasa-ƙwauri da kasuwa shi kaɗai.

Ta nan na shiga ra'ayin sakin kasuwa, kuma na lura yawancin mutanenmu ta nan suke shiga, ta abin da idonsu ya gani. Karatu daga baya ya zo. Wani malamin zaure ya tuna mini hadisin Anas, inda aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina ya ƙi. Na kuma ga Ibn Khaldun, ƙarni huɗu kafin littafin Adam Smith na 1776, ya yi bayanin yadda shigar mai mulki cikin ciniki ke cutar da talakawa har ta rage harajin da shi kansa yake samu. Har gobe ina ganin hukuma na da aikinta: ta kula da mudu da sikeli, ta kama ɓarawon shanu, ta gyara hanya da asibiti. Amma hana mutum sayar da halalinsa ga maƙwabcin da suke auratayya, wannan na daina kare shi.

A Disambar 2020 aka buɗe iyakoki huɗu: Maigatari, Illela, Seme da Mfun. A makon na je na durƙusa gaban Kawu, a ƙofar gidan da na yi masa rashin kunya, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ya wuce, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." A wajen matarsa na ji cewa a cikin watannin nan 16 ya sayar da shanun huɗarsa biyu don ciyar da gida. Da daminar bana ma aron shanu ya yi.