A Harabar Kotunan Ƙofar Kudu, Inda Zawarawa Ke Neman Haƙƙin 'Ya'yansu

Duk baƙon da ya shigo birnin Kano yana son ya ga Ƙofar Kudu. Nan ne fuskar Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a ƙarni na 15, ga Gidan Makama a kusa da ita, kuma a filin da ke gabanta ake yin jafi ranar hawan daushe. Sai dai a ranakun aiki, lokacin da babu dawakai babu algaita, akwai wani taron da ke haɗuwa a yankin tun da hantsi. Shi ne taron masu zuwa kotunan shari'ar Musulunci da ke wurin. Su na je gani, domin a cikinsu akwai matan da aurensu ya mutu ko yake gab da mutuwa, suka zo neman abin da ya gagare su samu a gida.

Kafin alƙali ya zauna, harabar ta fara cika. 'Yan Adaidaita Sahu suna sauke mutane, masu ruwan leda da masu goro sun kama wuri, magatakarda suna shiga da fita riƙe da fayil. Maza suna tsaitsaye rukuni-rukuni, mata kuma sun nemi inuwa sun zazzauna, yawancinsu da goyo a baya, wasu da yaro a hannu. Kusan kowace tana tare da wani nata: uwa, ko goggo, ko yayanta namiji, ko wani dattijo da ya tsaya mata a matsayin waliyyi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ledar da kowace ke ƙanƙame da ita. A ciki akwai takardar saki da aka rubuta a fallen littafin makaranta, da katin asibiti, da rasit na kuɗin makarantar yara. Waɗannan 'yan takardu su ne dukiyar mai ƙara a wannan wuri.

Shari'a ba baƙuwa ba ce a wannan unguwa. Tun zamanin Rumfa, lokacin da Shehu Al-Maghili ya sauka a Kano ya rubuta wa Sarki nasihohi kan mulki da adalci, alƙalanci yake maƙwabtaka da fada. Kotunan alƙalai sun yi aiki a ƙarƙashin En'e har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da aka mayar da su hannun gwamnati, sannan a shekarar 2000 Jihar Kano ta kafa kotunan shari'ar Musulunci na yanzu. Hukumar da ke kula da kotunan ta sauya, amma littattafan hukunci suna nan yadda suke: Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Shehu Khalil, da Tuhfatul Hukkam, duk na mazhabar Malikiyya.

A cikin ɗakin shari'a, al'amarin ya fi sauƙi fiye da yadda mutane ke tsoro. Da Hausa ake magana. Mace tana iya shigar da ƙara da bakinta a wajen rajistara, ta biya kuɗin ƙara, a kai wa mijin sammaci. Idan aka kira su, mai ƙara za ta tsaya ta ce "Allah ya gafarta Malam", ta faɗi abin da ke tafe da ita, a rubuta. A tambayi wanda ake ƙara, ya amsa ko ya musa. In ya musa a nemi shaidu, in babu shaidu a koma ga rantsuwa. Kafin yanke hukunci alƙali yakan yi i'izari, ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Sau da yawa kuma ba a kaiwa can, domin alƙali yakan fara da neman sulhu, ya ce a zo da iyaye, ko ya naɗa mutum ɗaya daga dangin miji ɗaya daga dangin mata su je su bincika su kawo masa bayani.

Ƙararrakin aure da na saurara sun kasu gida uku. Na farko neman rabuwa. Akwai wadda mijinta ya tafi ci-rani ya yi shiru, babu aike babu waya. Akwai wadda ba a ciyar da ita, akwai wadda ake duka. Mata da yawa suna zuwa da tunanin cewa hanya ɗaya ce ta fita, wato khul'i, a mayar wa miji sadakinsa, wani ma ya haɗa da lissafin lefe. Alhali a Malikiyya, idan aka tabbatar da cutarwa, alƙali yana da ikon raba auren ba tare da ta biya ko kwabo ba, kuma shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta ma ana karɓarta a irin wannan ƙara. Mijin da ya daina ciyarwa kuwa, a ɗiba masa wa'adi, in bai gyara ba a raba. Matar da ba ta san wannan ba takan sayar da kayan ɗakinta ta fanshi kanta daga auren da ita ce aka zalunta a cikinsa.

Na biyu tabbatar da saki da haƙƙin idda. Miji ya furta saki cikin fushi, washegari ya ce bai yi ba. Ko ya yi saki uku ya dawo yana cewa ɗaya ne. Ko kuwa ya miƙa takarda ya ce "je ki gidanku" a daren, alhali Alƙur'ani a Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana fitar da mace daga ɗakinta a lokacin idda. Wadda aka yi wa sakin da ake kome, ci da sha da wurin kwananta suna wuyan miji har ta yi tsarki uku, mai ciki kuma har ta haihu. A al'adarmu an mayar da wannan nauyi kan iyayenta, har an manta cewa bashi ne a kan mijin.

Na uku shi ne ya fi sa mutum ƙwalla, wato riƙon yara da ciyar da su. A nan ne al'ada da shari'a suka fi yin hannun riga. Abin da aka saba ji a gari shi ne "ɗa na uba ne", da an yaye yaro sai a zo a ɗauke shi a kai wa kishiya ko kaka ta wajen uba. Littattafan da ke gaban alƙali ba haka suka ce ba. Uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare, muddin uwar tana da hankali da amana da wurin zama amintacce. Idan ta auri wani wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yakan koma hannun mahaifiyarta, bayan ita kuma 'yar'uwar uwar yaron, kafin a zo kan dangin uba. Duk inda yaron yake, ciyarwa da tufafi da magani da karatu suna kan uba gwargwadon ƙarfinsa, kuma matar da aurenta ya yanke gaba ɗaya tana da ikon neman ladan shayarwa. Uba yana nan da matsayinsa na waliyyi, yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa da lura da tarbiyyarsu, ba wanda zai hana shi. Na ga yadda fuskar wata matashiya ta sauya lokacin da aka karanta mata wannan hukunci. Ta zo ne tana roƙon a bar ta ta riƙa ganin 'yarta, sai ta tarar riƙon ma gaba ɗaya haƙƙinta ne.

Samun hukunci rabin tafiya ne. Alƙali zai yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa duk wata, ya biya sau ɗaya ko biyu ya ɗauke ƙafa. Ma'aikacin gwamnati yana da sauƙin kamawa, amma ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu da ba a san abin da yake samu ba, sai matar ta sake dawowa kotu ta nemi a tilasta masa. Kuɗin da aka yanka bara kuma tsadar abinci ta cinye shi bana, ga kuɗin mota duk ranar zama, ga ɗage shari'a in ɗaya ɓangaren bai zo ba. Wannan gajiya ce ke sa wasu su ce sun bar wa Allah, yaran kuma su ƙare a talla ko a titi.

A nan ne taimakon masana shari'a yake da rana, kuma akwai shi kyauta ga wanda ya san inda zai nema. Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kano domin marasa ƙarfi. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da take aiki a Najeriya tun 1964, tana da reshe a jihar, tana ba da shawara, tana yin sulhu, tana kuma tsaya wa mata da yara a kotu. Akwai ƙungiyar WRAPA da aka kafa a 1999 kan kare haƙƙin mata. Hukumar Hisba, wadda dokar 2003 ta kafa, tana sauraren rikicin aure a hedikwatarta da ke Sharaɗa da ofisoshinta na ƙananan hukumomi 44, sai dai aikinta sulhu ne, hukuncin da ake tilastawa na kotu ne. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, amma wa'adin yin haka gajere ne, ba a jinkiri. Waɗanda suka yi auren rajista kuwa, ƙararsu tana Babbar Kotun Jiha ne, a ƙarƙashin dokar aure ta 1970.

Babban abin da ke tare wa mata hanyar nan shi ne kunya. Ana ganin wadda ta kai uban 'ya'yanta kotu ta tona asiri, ta ɓata zumunci, har a riƙa tsorata ta cewa ba mai sake aurenta. Haƙuri abu ne mai kyau, sulhu kuma alheri ne, shi ya sa alƙalan ma da shi suke farawa. Amma abincin yaro da karatunsa haƙƙinsa ne, ba na uwarsa ba ne balle ta yafe saboda gudun surutu.

Don haka kirana ga iyaye da yayye shi ne, idan 'yarku ta dawo gida da takarda, bayan "ki yi haƙuri" ku tambaya mata haƙƙinta na idda da na 'ya'yanta, in an hana ku raka ta inda za a karɓar mata. Malamai su karantar da babin riƙon yara da ciyarwa a masallatai da makarantun Islamiyya kamar yadda suke karantar da babin ɗaura aure. Gwamnatin jiha, wadda ta sa hannu a dokar kare yara a 2023, ta samar da hanya mai ƙarfi ta karɓar kuɗin ciyarwa daga iyayen da ke gudu. Ke kuma 'yar'uwa, ki adana takardunki, ki riƙe shaidunki, ki nemi shawarar masani kafin ki sa hannu a kowace yarjejeniya. Zuwa gaban alƙali neman haƙƙin ɗanki ba abin kunya ba ne, bin shari'ar Allah ne.