Daga Tamale Zuwa Bontanga: Gawayin Ɓuntu a Gonar Shinkafa

Duk wanda ya zaga bayan injinan casar shinkafa a Tamale lokacin hunturu, ya san tsibin ɓuntun da ake tarawa, wani ma ya fi mutum tsawo. Mata su turara shanshera, su shanya, su kai inji, su kwashe tsaba su tafi kasuwar Aboabo. Ɓuntun kuwa a nan ake barinsa, in ya yi yawa a cinna masa wuta, ya kwana yana hayaƙi har ya zama farar toka. Na daɗe ina wuce wannan hayaƙi ina toshe hanci, sai da na je Bontanga na gane abin da muke ƙonarwa.

Bontanga tana cikin gundumar Kumbungu, a ƙasar Dagombawa, tafiyar kamar awa guda daga Tamale. An kammala madatsar ruwan wurin cikin shekarun 1980, ita ke ba manoma damar noman rani: shinkafa, albasa, barkono da kuɓewa. Daga Kumbungu motokin na hau, ni da buhunan taki da wata tsohuwa mai kaji. Ko'ina ƙura da busasshiyar ciyawa, sai kwatsam ga kore shar har iyakar ganin ido.

Mai masaukina ɗan zango ne, dattijo, ya yi shekaru yana noma a nan. Bayan na gaida Baba na sha ruwa, ya ja ni gefen gona ya nuna mini wani bututun ƙarfe mai faɗin gindi, an huhhuda gindin. A ciki ake hura wuta, a tara ɓuntu kewaye da shi, zafi ya riƙa cinsa sannu a hankali ba tare da iska ta shige shi sosai ba. Ana juyawa har ya yi baƙi ƙirin, sa'an nan a yayyafa ruwa maza kafin ya koma toka. Manoman Japan sun daɗe suna wannan aiki, kuntan suke ce masa.

To, mai karatu zai ce mene ne bambancin gawayi da toka? Toka ruwa ɗaya ke wanke ta. Gawayi kuwa cike yake da ƙananan ramuka kamar soso, yana riƙe laima, yana riƙe takin da aka zuba kada ruwa ya tafi da shi, yana kuma rage tsamin ƙasa. Ɓuntun shinkafa yana da sinadarin silika mai yawa, wanda ke ƙarfafa karan shinkafa. Babban abin kuma shi ne ba ya ruɓewa da wuri. Kashin shanu cikin damina ɗaya ko biyu ya narke, shi kuwa gawayi yakan yi ɗaruruwan shekaru a cikin ƙasa.

Amma fa shi kansa ba taki ba ne. Baba ya ce shekarar farko da ya zuba shi kaɗai bai ga wani abin kirki ba, har maƙwabta suka yi masa dariya. Wani ma ya taso ya yi iyo a kan ruwa ya bi kwata, domin bai cuɗa shi da ƙasa kafin a sako ruwa ba. Sai da ya koma gauraya shi da kashin shanu yana barinsa ya kwana biyu, sa'an nan ya fara ganin ɓangaren gonar mai yashi yana daɗewa bai bushe ba.

Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da masana suka gani. A 2011 masu bincike na cibiyar shinkafa ta duniya, wato IRRI da ke Filifin, sun fitar da sakamakon gwajin shekara 4 a Filifin da Tailan. Sau ɗaya suka zuba gawayin ɓuntu, kimanin tan 40 a hekta. A ƙasa mai ƙarfi amfanin gona bai ƙaru ba. A ƙasa mara ƙarfi mai fama da ƙarancin ruwa kuwa, ya ƙaru da kashi 16 zuwa 35 cikin 100. Sai dai a yi lissafi. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, ke nan hektar da ta ba da tan 4 ba za ta wuce kilo 800 na ɓuntu ba, in an ƙona kuma ya ƙara raguwa. Ina talaka zai samo tan 40? Dole sai kaɗan kaɗan, a fara da wurin renon iri, a riƙa ƙarawa kowace shekara.

Kakanninmu ma sun san sirrin, ko da ba su raɗa masa suna ba. Kowa ya san gonar kufai da tsohon juji sun fi ko'ina albarka. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan ƙauyukan Gana da Laberiya ya nuna baƙar ƙasar da ke kewaye da gari, inda aka shekara da shekaru ana zubar da toka, gawayi da sharar kicin, ta fi ta daji ƙarfi nesa ba kusa ba.

A nan ne maganar ta shafe mu 'yan zango. Da yawanmu aron gona muke yi, ko haya ta shekara guda. Tun da kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabi a 2022, kowa na neman mafita, amma wa zai kwashe shekara biyar yana gyara ƙasar da ba shi da tabbacin za a bar masa baɗi? A ganina, duk mai son gwada wannan aiki ya fara zama da mai gona a gaban shaidu, a yanka yawan shekaru, kafin ya ɗauko buhu ɗaya na ɓuntu. Baba ya yi haka, shekara bakwai suka yi magana, saura uku.

Da la'asar ya rako ni bakin hanya. Motokin ɗin da ya zo ɗauke yake da buhunan ɓuntu daga Kumbungu, nasa ne. Sai da muka sauke su tukuna na samu wurin zama.