Baƙin da Ke Bisa Rassa a Birniwa

Wanda ya bar Haɗejiya ya nufi arewa maso gabas zuwa Birniwa zai ga ƙasa tana sauya kama a gaban idonsa. A baya ya baro fadamu da gonakin shinkafa da kachalla mai toshe hanyoyin ruwa. A gaba kuwa sai jigawa da goruba da aduwa da bagaruwa, ga kuma tsohon layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. A wannan tafiya idona yana bisa rassa, domin ina neman irin tsiron nan da ba ya taka ƙasa.

Kauci na samu, kuma da yawa. Tsuntsu ke cin 'ya'yansa, ya goge bakinsa a reshe, irin ya manne, ya huda ɓawo ya shiga shan ruwan mai masaukinsa. Masu maganin gargajiya suna daraja shi, har suna bambanta kaucin tsamiya da na bagaruwa. Manomi kuwa ya san reshen da kauci ya yi wa yawa ba ya daɗewa.

Akwai wani baƙon bishiya mai halin kirki, wanda Turawa ke kira okid. Hausawa ba su jahilce shi ba: Dalziel, a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, ya kawo manta uwa a cikin sunayen irin wannan tsiro. Amma waɗanda suka yi suna wajen ƙamshi na Asiya ne, daga dazukan Tailan da Bama da jihar Asam ta Indiya. Shi wannan aron wurin zama kawai yake yi. Saiwoyinsa farare ne masu kauri, a waje suke lilo, suna da wata fata kamar soso mai tsotse ruwan sama da raɓa. Shi ya sa masu renonsa ba sa binne shi. Sukan rataye shi a kwandon katako, wani lokaci da ɗan gawayi, a inda haske ke ratsa inuwa. A jiƙa saiwar da safe, ta bushe kafin dare. In ta kwana cikin ruwa, ruɓewa za ta yi.

To, ko zai zauna a Birniwa? Da damina, tsaf. Matsalar tana farawa ne daga Nuwamba, sa'ad da hunturu ya kwashe laimar iska har leɓe ya tsage, sannan bazara ta biyo da zafin da kan haura digiri 40. Mai son furen sai ya yi masa rumfa, ya kewaye shi da randuna, ya riƙa yayyafi safe da rana har wata bakwai. A garin da ake sayen ruwa a jarka, ban ga hikimar wannan ba, sai dai ga mai rijiya a tsakar gida da kuma dogon haƙuri. Yankin ma kansa kukan ruwa yake yi: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu ƙwarai.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, Birniwa ta riga ta karɓi baƙo mai ƙamshi daga Asiya, har ya zama ɗan gari. Darbejiya nake nufi, wadda asalinta Indiya ne da Bama, aka shigo da ita Arewa a zamanin Turawa. Idan ta yi fure farare ƙanana gabanin damina, ƙamshinta kan cika unguwa da almuru, ba tare da wani ya ba ta ko moɗa ɗaya ba. Ita ce kuma na ga ana datse wa rassa ana ɗaure su dami-dami a bakin hanya, ana jiran motar itace.