Taswirar Ambaliya a Ƙasar Haɗejiya

Kogin Haɗejiya daga ƙasar Kano ya ke tasowa, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu, sa'an nan ya miƙa gabas ta wajen Ringim da Auyo, cikin ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. A irin wannan ƙasa, in ruwa ya hau kamu ɗaya kurum, sai ya bar hanyarsa ya shiga gonaki.

A da, tsofaffi su ne taswira. Dattijo ya kan nuna gindin wata tsamiya ya ce nan ruwa ya tsaya shekarar da aka haifi wane, kowa kuwa ya yi gininsa bayan tsamiyar. Amma da aka datse ruwa a Tiga cikin 1974, aka kuma datse na Challawa cikin 1992, sai halin kogin ya sāke. Kachalla ta cika hanyoyin ruwa, shi kuwa ya riƙa neman sababbi. Tsamiyar dattijo ta daina faɗin gaskiya.

To, a nan ne tauraron ɗan adam ya shigo. Wata na'ura ce da a kan harba sama, ta yi ta kewaya duniya tana ɗaukar hoton ƙasa. Amurka ta fara irin wannan aiki da Landsat tun 1972, Nijeriya kuma ta sami nata tauraron cikin 2003. Abin da ke ɓata aikin shi ne hadari, domin lokacin da a ke bukatar hoton, watau tsakiyar damina, lokacin ne gizagizai ke rufe ƙasa. Saboda haka aka ƙera waɗansu masu aiko da sigina ƙasa su saurari komowarta. Tudu da gidaje su kan mayar da ita, amma ruwa kwantacce ba ya mayarwa, sai ya fito baƙi ƙirin a hoton, ko da dare ne.

Hoto kaɗai bai isa ba. Cikin kwamfuta a kan jera bayani bisa bayani, kamar takardu shara-shara: tudu da kwari, hanyar kogi, ƙauyuka da hanyoyin mota, da inda ruwa ya kwanta a 2012 da 2022. Wurin da ya sha nutsewa a shafa masa ja. Wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ba zai ga abin baƙo ba, kowane ƙauye da layinsa.

Sai dai akwai sauran magana. Kowace shekara kafin damina hukumar lura da ruwa ta Nijeriya ta kan bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, duk da haka ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar, Jigawa kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Taswirar galibi tana ofis, da Turanci, ba ta kai hannun dagaci ba. Ko ta kai ma, manomin fadama ba wauta ta zaunar da shi bakin kogi ba. Nan shinkafarsa ke yi, nan kifi ya ke. In an ce ya tashi, lalle a nuna masa tudun da zai kai rumbunsa da awakinsa, a kuma gaya masa tun cikin bazara, kafin ya zuba iri.