Ƙwallo a Wurinmu, Maki a Wurinsu

Ƙarfe 11 na dare ta gota, gida ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Mutumin, wanda da rana shi ne shugaban sashen binciken kuɗi a wani kamfani, yana zaune gaban kwamfutarsa yana duba alƙaluman wasan da aka tashi. Ƙungiyarsa ta riƙe ƙwallo kashi 71 cikin 100. Ta yi fasin fiye da 600, kusan duk sun isa inda aka nufa. Sau ɗaya tak ta sa mai tsaron ragar abokan hamayya ya miƙa hannu. An ci ta ɗaya da nema. Wasa na biyar ke nan a jere babu nasara, ga kuma saƙo daga hukumar gudanarwar ƙungiyar, cikin ladabi, cewa haƙurinta ya kusa ƙarewa. Ƙungiyar a cikin na'ura take, hukumar ma haka, kuma ko an kore shi babu abin da zai taɓa albashinsa. Duk da haka barci ya ƙi zuwa.

Wasan shi ne Football Manager, wanda kamfanin Sports Interactive da ke Landan yake yi, Sega take fitarwa. Asalinsa daga wasu 'yan'uwa biyu ne, Paul da Oliver Collyer, waɗanda suka fitar da Championship Manager a 1992, kafin jerin ya koma sunansa na yanzu a 2004. Mai wasa ba ya taɓa ƙwallo ko sau ɗaya. Aikinsa ya sayi 'yan wasa, ya tsara atisaye, ya zana dabara, sannan ya zauna ya kalli abin da ya shuka. Kowane ɗan wasa an auna ƙwarewarsa da maki daga 1 zuwa 20: iya miƙa ƙwallo, iya tsayar da ita, hangen fili, natsuwa, saurin yanke shawara. Wannan ne ya ja hankalin mai binciken kuɗi. Duniya ce ta alƙaluma, shi kuwa da alƙaluma yake cin abinci.

Son riƙe ƙwallo kuwa ya samo shi ne daga wani ciwo. A watan Mayu na 2011 yana gidan kallon ƙwallo, sanye da jar riga, lokacin da Barcelona ta doke Manchester United da ci 3 da 1 a Wembley, a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai. Cin bai dame shi kamar yadda aka yi shi ba. Xavi da Iniesta da Busquets suna ba-ni-in-ba-ka, 'yan ƙungiyarsa suna bin inuwa. Tun daga wannan dare ya ƙudurta cewa ƙwallo ta gaskiya ke nan. Saboda haka da ya karɓi wata ƙaramar ƙungiya a rukuni na uku na Ingila a cikin wasan, bai yi wata-wata ba. Ya ɗauki tsarin tiki-taka da wasan ya tanada, ya ƙara masa duk abin da ya ga ya yi kama da Barcelona: gajeren fasin, tafiya a hankali, fara gini daga mai tsaron raga, kada a yi bugun nesa, a shiga da ƙwallo har cikin yadi na 18. A tsakiya ya zuba masu raba ƙwallo har uku. Kusan kowa ya ba shi aikin tallafi, domin kada wani ya yi nisa da 'yan'uwansa.

Abin da ya samu shi ne ƙwallo mai zagaye. Daga ɗan baya na hagu zuwa 'yan baya na tsakiya, daga su zuwa na dama, sannan ta juyo ta bi sawunta. Taswirar fasin da wasan yake nunawa bayan an tashi ta fito kamar kofaton doki, layuka masu kauri a baya da gefe, tsakiyar gaba kuwa fayau.

Dalilin yana cikin yadda wasan yake aiki. Umarnin mai horarwa karkata ce kawai, ba igiya ba ce. Duk lokacin da ƙwallo ta zo ƙafar ɗan wasa, yakan zaɓa daga cikin hanyoyin da yake gani, gwargwadon basirarsa da abin da aka ce masa. Idan an ce ya ba na kusa kuma ya guji kasada, sannan babu na kusa a gabansa, to na baya zai ba, kuma bai saɓa umarni ba. Mai raba ƙwallo kuma yana da wata ɗabi'a a wasan: yakan matso inda ƙwallo take, abokansa kuma sukan neme shi da ita. Ɗaya yana da amfani. Uku kuwa sai su taru wuri guda, kowa yana jiran ya ba wani, babu mai gudu ya karɓa. Abokan hamayya suna ganin haka sai su koma gida su goma, su toshe tsakiya, su jira. Babu abin da zai tilasta musu motsi. Da an yi kuskure ɗaya, sai doguwar ƙwallo ta bi ta kan 'yan baya da suka hauro har tsakiyar fili, ɗan gabansu mai sauri ya bi ta, shi ke nan.

Wannan ciwo ba a na'ura kaɗai yake ba. A gasar kofin duniya ta 2018, Sifaniya ta yi fasin fiye da 1,000 a wasanta da Rasha a Mosko, aka tashi 1 da 1, cin nata ma ɗan bayan Rasha ne ya jefa a ragarsu, sannan aka fitar da ita a bugun fenareti. Bayan shekara huɗu a Katar labarin ya maimaita kansa da Maroko: fasin birjik, babu ci, aka sake fitar da ita a fenareti. Tun a 2010 Inter ta José Mourinho ta je Camp Nou, ta buga mafi yawan wasan da mutum goma, ta bar wa Barcelona ƙwallo, aka ci ta 1 da nema, amma ita ta wuce zuwa wasan ƙarshe saboda 3 da 1 da ta yi a gida. Shi kansa Pep Guardiola, wanda ake jingina wa tiki-taka, ya nuna ƙyamar sunan a littafin da Martí Perarnau ya rubuta kan shekararsa ta farko a Bayern Munich. A wurinsa fasin da ba shi da manufa aikin banza ne. Ana tara ƙwallo a gefe guda ne don a jawo abokan hamayya can, sannan a kai musu hari ta gefen da suka bari.

Mutumin ya san duk waɗannan labarai, amma bai ga kansa a cikinsu ba. Ɗansa mai shekara 14 ne ya nuna masa, wata Asabar da hantsi, yana tsaye a bayan kujera da kofin shayi.

"Abba, wai wa kake so ya ci ƙwallon?"

"Ga ɗan gaba nan, ba ka gan shi ba?"

"Na gan shi. Ai shi ma ya dawo tsakiya yana karɓa. Kowa yana zuwa wurin ƙwallo, Abba. Babu wanda ke zuwa inda babu ita."

Uban ya yi shiru, ya mayar da wasan baya, ya tsayar da hoton a minti na 30. Mutum bakwai na ƙungiyarsa suna cikin wani ɗan fili da bai kai tsakar gida ba. Bayan 'yan bayan abokan hamayya kuwa, fili fetal, ko mutum ɗaya babu. Ya ce wa yaron ya jawo kujera.

Suka rushe dabarar suka sake gini a kan tsarin 4-3-3, kuma tambayar farko ta sauya. Da can yana tambayar me mai ƙwallo zai yi. Yanzu suka fara da ina sauran goman za su tsaya. Suka bar mai raba ƙwallo ɗaya, lamba 6, a gaban 'yan baya, aka jera sauran yadda duk wanda ƙwallo ta zo masa zai ga aƙalla mutum biyu da zai iya ba, ɗaya daga ciki yana gabansa. Suka nemo faɗi: a dama ɗan gefe ya manne da layi, ɗan bayan da ke bin sa ya shigo tsakiya ya taya lamba 6, a hagu ɗan gefe ya riƙa kutsawa ciki, ɗan baya ya hau ya cike layin. Ta haka kullum akwai mutum ɗaya a kowane gefe yana buɗe 'yan bayan abokan hamayya kamar ana jan roba. Suka nemo tsawo: ɗan gaba aka ba shi aikin hari zalla, ya tsaya a kafaɗar ɗan baya na ƙarshe yana neman gudu, ɗaya daga cikin 'yan tsakiya kuma aka sake shi ya riƙa faɗawa yadi na 18 daga baya.

Nan ne uban ya tuna wasan Barcelona da Real Madrid na Mayun 2009, wanda aka tashi 6 da 2 a Bernabéu. Abin da kowa yake faɗa shi ne Messi ya bar gaba ya sauko tsakiya. Abin da ake mantawa shi ne Henry da Eto'o suna gefe, suna jiran filin da saukowar tasa za ta buɗe, kuma Henry ya ci biyu a ranar. In wani ya sauko, dole wani ya wuce. Shi sai ya kwaikwayi saukowar ya bar wucewar.

Saura tsaro. Ƙungiyar da ke riƙe ƙwallo a gidan abokan hamayya tana barin bayanta a buɗe, don haka suka tabbatar mutum uku ko huɗu suna nan daram ko ana tsakiyar hari, suka kuma kunna umarnin a matsa wa abokan hamayya nan take da an rasa ƙwallo. Sannan suka duba mutanen da ke hannu, abin da ya kamata a fara yi tun farko. Ɗan rukuni na uku ba Xavi ba ne. Makin iya fasin shi kaɗai ba ya wadatarwa in babu iya tsayar da ƙwallo, natsuwa, yanke shawara da sanin inda za a tsaya in ba a tare da ita. Akwai wani ɗan baya mai ƙarfi wanda natsuwarsa 7 ce, an ɗora masa aikin fara gini, shi ya sa yake rawar ƙafa duk lokacin da aka taso masa. Aka sauke masa wannan kaya, aka bar shi da tare ƙwallo da miƙa wa na kusa. Rabin umarnin da ke kan allo suka goge, suka mayar da saurin wasa daidai wa daida.

Sakamakon bai zo nan take ba. Wasan yana auna yadda 'yan wasa suka saba da dabara, kuma sabo yana cin makonni na atisaye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasan farko aka yi kunnen doki. A na biyu riƙon ƙwallo ya sauko zuwa kashi 58, fasin da ya ɓata ya ƙaru, kuma a minti na 20 lamba 6 ya gwada zura wata ta tsakanin mutum biyu, aka tare, saura ƙiris a ci su. Hannun mutumin ya tafi da kansa wurin maɓallin da ke cewa a rage kasada. Yaron bai ce komai ba, kallon hannun kawai ya yi. Uban ya janye shi. Minti goma bayan nan lamba 6 ya sake gwada irin wannan fasin, ta wuce, ɗan tsakiyar da aka saki ya same ta a guje ya jefa a raga.

A daren nan mutumin ya daɗe a zaune bayan ya rufe kwamfuta. Ya gane cewa kashi 71 ɗin nan bai taɓa zama dabarar cin wasa ba. Hanya ce ta hana kansa ganin kuskure. Muddin ƙwallo tana ƙafar nasa, babu wanda zai ce ya yi ba daidai ba, ko da kuwa babu abin da ya yi. Sai tunaninsa ya tafi ofis. Ma'aikata tara ne a ƙarƙashinsa. Kowane rahoto sai ya bi tebur uku ya dawo nasa, ya yi masa jan biro, ya mayar, a gyara, a dawo da shi. Shekara biyu ba a taɓa kama sashensa da kuskuren lissafi ba, kuma yana alfahari da haka. Amma akwai rahoton wata matashiyar ma'aikaciya, wadda ta gano giɓi a kuɗin sayen kaya, yana kan teburinsa mako uku ana gyara masa waƙafi, giɓin kuwa yana can yana faɗaɗa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma wannan ga mai tafiya ne, ba ga mai zagaya ɗaki ba.

Ran Litinin ya kira ta. Ya miƙa mata rahoton, ya ce, "Malama, ki sa hannu da kanki, ki kai wa darakta yau. In ya yi tambaya ke za ki amsa, ina nan bayanki." Ta dube shi kamar ba ta ji daidai ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ka gama dubawa ba." Ya ce ya gama. Da ta fita ya tuna akwai jadawali ɗaya a shafi na 6 da bai sake lissafawa ba, ya miƙe har ya kai ƙofa, sannan ya dawo ya zauna.

Ƙungiyar tasa ba ta hau rukuni na gaba ba a wannan kakar. Ta ƙare a ta tara, hukumar ta bar shi a kan aikinsa ba tare da yabo ba. Har yanzu akwai ranakun da wata ƙungiya take komawa gida ta toshe ko'ina, ya yi ta zagaye a tashi babu ci, kuma har yanzu hannunsa yakan nufi maɓallin nan. Bambancin shi ne in an tashi wasa ba ya fara duba kason riƙon ƙwallo. Taswirar fasin yake buɗewa, ya nemi layukan da suka miƙe gaba ta tsakiya, ya ƙirga su, har da waɗanda aka tare.